Tsatsa, Fenti da Dalilin da Aka Manta: Tarken Labarin "Kuromiyam" na Primo Levi

1.0 Gabatarwa

Yawancin abin da ake karantawa a darasin adabi ya shafi soyayya ko sarauta ko yaƙi ko wa'azi. Da wuya ɗalibi ya ci karo da labarin da aka gina a kan aikin masana'anta, balle a kan gwangwanin fenti da ya lalace. Wannan takarda ta ɗauki irin wannan labari domin tarke, wato "Kuromiyam", babi na 12 a littafin Primo Levi na Italiyanci mai suna Il sistema periodico, wanda aka buga a 1975. Labarin ya shafi wani fentin kare ƙarfe daga tsatsa, da wani sinadari da aka zuba a cikinsa domin wata lalura, aka kuma ci gaba da zubawa shekara da shekaru bayan lalurar ta gushe. Maƙasudin takardar shi ne a nuna cewa Levi ya ɗauki takardar haɗin fenti a matsayin nassi da ake kwafa daga hannu zuwa hannu, ya kuma kamanta ta da harshe. Daga nan za a auna wannan kamance, a ga inda ya tsaya da ƙafarsa da inda ya yi rauni.

2.0 Marubucin da Littafinsa

An haifi Primo Levi a birnin Turin na Italiya a 1919, a gidan Yahudawa. Ya kammala karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Turin a 1941. A watan Disamba na 1943 aka kama shi tare da 'yan gwagwarmayar da ke adawa da mulkin Fasist, aka kai shi sansanin Auschwitz da ke Polan a watan Fabrairu na 1944. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun isa sansanin ranar 27 ga Janairu, 1945, amma bai koma gida ba sai a watan Oktoba na shekarar. A farkon 1946 ya sami aiki a wata masana'antar fenti a garin Avigliana, kusa da Turin. Daga baya ya koma kamfanin SIVA, inda ya yi kusan shekara 30 yana haɗa fenti da shafen da ake lulluɓe wayar lantarki da shi. Ya rasu a 1987.

Littafin yana da babi 21, kowane da sunan wani sinadari daga jadawalin da Mendeleev ya tsara a 1869. Ya fara da argon ya ƙare da kabon. An fassara shi zuwa Ingilishi a 1984, kuma a 2006 cibiyar Royal Institution da ke Landan ta zaɓe shi a matsayin littafin kimiyya mafi kyau da aka taɓa rubutawa. Matsayin babin "Kuromiyam" a cikin littafin yana da muhimmanci: ya biyo bayan babin da ya shafi zaman sansani, saboda haka shi ne na farko da ya ba da labarin rayuwar marubucin bayan yaƙi.

3.0 Yadda Shafe Yake Kare Ƙarfe

Ba za a fahimci labarin ba sai an san abin da fentin yake yi. Ƙarfe yana tsatsa ne idan ya haɗu da iskar oksijin da danshi. Gishiri da asid suna gaggauta wannan ci, shi ya sa jiragen ruwa da bututun mai da tankunan masana'antun taki suka fi fuskantar matsalar. Wani binciken da ƙungiyar NACE International ta fitar a 2016 ya ƙiyasta asarar da lalacewar ƙarafa ke jawo wa duniya a kan dalar Amurka tiriliyan 2.5 a shekara, wato kimanin kashi 3.4 cikin 100 na abin da duniya ke samarwa.

Hanyoyin kariya ta shafe iri uku ne. Ta farko ita ce katanga: a lulluɓe ƙarfen da abin da ruwa da iska ba sa ratsawa, kamar fentin efoksi, ko roba a cikin tankin asid, ko narkakken gilashi. Langa da kwanon sha masu fenti misali ne na wannan, kuma kowa ya san cewa daga inda suka ɓantale tsatsa take farawa. Ta biyu ita ce fansa: a shafa wa ƙarfen tutiya, wadda take saurin ciwuwa fiye da shi, sai ta riƙa ciwuwa a madadinsa ko da an karce wurin. Wannan shi ne sirrin kwanon rufi, kuma wani injiniya a Faransa, Stanislas Sorel, ya yi rajistar dabarar a 1837. Ta uku ita ce hanawa: a sa wa fentin wata hoda wadda, idan danshi ya ratsa, take narkewa kaɗan ta gina wata siririyar fata a jikin ƙarfen, fatar da ke tsayar da tsatsa. Hodar kuromet, wadda ake samu daga kuromiyam, ta daɗe tana kan gaba a wannan aiki. Irin wannan fata ce take kare ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda yake ɗauke da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100.

Babban abokin gabar wannan fata shi ne kuloraid, sinadarin da ke cikin gishirin miya da ruwan teku. Yana huda fatar, ya buɗe ƙananan ramuka da ke nutsawa cikin ƙarfen. Ke nan, a ga kuloraid a cikin takardar haɗin fentin hana tsatsa tamkar a ga an ɗauki kura aikin gadin awaki ne. A kan wannan saɓani aka gina labarin.

4.0 Labarin a Taƙaice

Labarin ya buɗe da hirar masu sana'ar fenti a wurin cin abinci. Hirar ta gangaro kan abubuwan da ake samu a takardun haɗi waɗanda babu wanda ya san dalilinsu. Mai ba da labari ya kawo misalin wani tsohon umarni na a jefa yankan albasa cikin man fenti idan ana dafa shi. Wani dattijon ma'aikaci ne ya warware masa: kafin ma'aunin zafi ya wadata, da albasa ake gane cewa man ya kai, in ta fara soyuwa sai a sauke. Ma'auni ya zo, albasa ta zauna. Sai wani abokin aiki mai suna Bruni ya ce shi ma ya taɓa aiki a wata masana'anta a bakin tafki, ya tarar ana zuba amoniyam kuloraid a fentin kuromet, da ya tambaya aka ce masa haka aka saba.

Mai ba da labari ya san dalili, domin shi ya sa sinadarin kimanin shekara 10 kafin zuwan Bruni. A 1946 shugaban masana'antar ya nuna masa tulin fenti mai launin lemo da ya daskare a gwangwani ya koma kamar tsoka, ya ce ya gano musabbabi. Fentin ya ƙunshi hodar kuromet ta darma da wani danƙo mai ɗan asid. Idan hodar ta cika kaifi irin na kanwa, sai ta haɗu da asid ɗin danƙon su kame, kamar yadda mai da ruwan toka ke haɗuwa su zama sabulu. Da ya bi tsofaffin katunan awo, sai ya ga sakamako ɗaya yana ta maimaituwa, 29.5 cikin 100, abin da ba ya faruwa a awo na gaskiya. Ashe umarnin awon cewa ya yi a ɗiga ɗigo 2 ko 3 na wani ruwan gwaji, amma wajen kwafa sai kalmar "ko" ta ɓace, ya koma ɗigo 23. Yawan ruwan gwajin ya ɓata awon, aka riƙa karɓar hoda marar kyau. Ya gwada amoniyam kuloraid domin ya kama darmar da ta yi yawa, fentin ya saki ya koma ruwa. Da yake akwai sauran hodar a sito, sai aka shigar da sinadarin cikin takardar haɗi a matsayin riga-kafi. Hodar ta ƙare, shi ya bar aikin, kuloraid ya zauna.

A daidai wannan lokaci ne, in ji labarin, ya fara rubuta abin da ya gani a sansani, ya kuma haɗu da matar da zai aura. Littafin da ya fito daga wannan rubutu shi ne Se questo è un uomo, wanda aka buga a 1947.

5.0 Zubi da Tsari

An zuba labarin ne a cikin labari. Hirar cin abinci ita ce ƙwarya, labarin 1946 shi ne abin da ke ciki. Amfanin wannan zubi shi ne mai karatu ya fara ganin kuloraid da idon Bruni, a matsayin wauta, kafin ya gan shi da idon wanda ya sa shi, a matsayin dabara. Ba a canza komai a sinadarin ba, sanin tarihinsa ne ya canza hukunci.

Sashen tsakiya kuwa yana bin tsarin labarin bincike: ga ɓarna, ga waɗanda ake zargi guda biyu, hoda da danƙo, ga shaidu a rubuce, ga mai laifi da aka gano a ƙarshe. Abin lura shi ne ba a ɗakin gwaji aka fara warware matsalar ba. A cikin takardu aka warware ta, ta hanyar jera katunan bisa kwanan wata da lura da inda rubutu ya sauya. Aikin da Levi ya yi a nan shi ne aikin mai tace tsofaffin rubuce-rubuce, wanda yake kwatanta kwafi da kwafi har ya gano inda kuskure ya shigo.

Har ila yau, an ɗaure zare uku wuri ɗaya: fentin da ya daskare, mutumin da ya fito daga sansani zuciyarsa a daskare, da labarin da ya toshe masa ƙirji. Duka ukun sun saki a lokaci guda. Ƙwarewar marubucin ita ce bai tsaya yana yi wa mai karatu bayanin wannan alamci ba, kuma bai rage wa fentin gaskiyarsa ta kimiyya domin alamcin ya fito ba. Wanda ya karanta babin domin sanin abin da ke daskarar da fenti zai sami amsa daidai.

6.0 Jigo: Takardar Haɗi a Matsayin Nassi

Tun a farkon babin Levi ya kawo maganar harshe. Ya lura cewa harsuna cike suke da maganganun da sana'ar da ta haife su ta mutu, ya ba da misalai daga hawan doki da niƙa a dutse. Ɗalibin Hausa ba zai rasa irinsu ba. Ana cewa a ƙara ƙaimi ko a ja wa yaro linzami, alhali mai maganar bai taɓa hawa doki ba. Kalmar kuɗi jam'in wuri ce, ga shi an daina ciniki da wuri. A Nijar ana lissafin kuɗi da dala, wato faran 5, sunan da ya samo asali daga tsohuwar azurfar Mariya Tariza. Ana kuma cewa ba a da ko anini, ko da yake aninin ya daɗe da fita daga kasuwa.

Misali mafi kusa da labarin shi ne kalmar sinadari kanta. A yau tana nufin duk wani abu na kimiyya da ake haɗawa, har da abin da ke ƙara wa miya armashi. Asalinta kuwa sunan abin da maƙeran fari ke amfani da shi ne wajen liƙin ƙarfe, daga kalmar Larabci nushadir, wadda a Larabcin Magrib ake furtawa kusa da shanadir. Abin da Larabawa ke kira da wannan suna shi ne amoniyam kuloraid. Wato sinadarin da Levi ya zuba a fenti shi ne ainihin wanda ya ba Hausa kalmar. Maƙeri yana sa shi ne domin ya cinye dattin da iska ta haifar a fuskar ƙarfe, liƙi ya kama. Kalmar ta faɗaɗa, ma'anarta ta farko ta shuɗe wa yawancin masu magana, kamar yadda dalilin kuloraid ya shuɗe wa ma'aikatan bakin tafki.

Kuskuren ɗigo 23 shi ma sananne ne ga wanda ya yi hulɗa da ajami. Haruffan ba da ta da nun da ya, in suna tsakiyar kalma, ɗigo ne kawai ya bambanta su. A rubutun Magrib da aka saba da shi a makarantun allo, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf tana da ɗaya a sama. Ɗigo ya goge ko ya gusa, kalma ta koma wata. A boko ma haka lanƙwasa take: baki da baƙi, kafa da ƙafa. Umarnin da ya ce a zuba abubuwa ɗaiɗai, in aka buga shi da na'urar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa, zai koma a zuba su daidai, kuma abin da zai fito daga tukunya zai bambanta.

Wannan ya kawo matsalar fassara. A Italiyanci kalmar "ko" harafi ɗaya ce, o, ƙaramin zagaye tsakanin lambobi biyu, don haka ɓacewarta abu ne mai sauƙin aukuwa. A Hausa da Faransanci da Ingilishi harafi biyu ce, saboda haka mai fassara zai buƙaci ɗan ƙarin bayani in yana so mai karatu ya yarda. Haka kuma sunan cutar fentin: masu sana'ar a Italiya sun ɗauko shi daga huhu, na Ingila daga hanta. Hausa tana da daskarewa da sandarewa da kamewa, amma babu wadda ta ɗauko hoton kayan ciki. Wanda ya zaɓi ɗaya daga cikinsu ya sami ma'ana ya rasa hoto.

7.0 Inda Labarin ya yi Rauni

Rauni na farko yana cikin kamancen kansa. Maganar da asalinta ya ɓace tana ci gaba da aiki. Wanda aka ce wa ya ƙara ƙaimi ya gane abin da ake nufi, ko bai san ƙaimi ba. Sinadarin da dalilinsa ya ɓace kuwa ya daina aiki, kuma in kuloraid ne a fentin hana tsatsa, yana iya cin ƙarfen da aka shafa domin a kare. Levi ya san haka, ya ma ambata a ƙarshen babin cewa mai yiwuwa sinadarin yana ɗan cutarwa. Sai dai ya wuce wurin da murmushi, domin kuloraid ɗin ya zame masa abin tunawa da soyayyarsa da littafinsa. Mai karatu yana rufe babin da tausayin wannan al'ada, alhali a tankin asid ko bututun gas irin wannan bin umarni ido rufe yana iya kaiwa ga yoyo da asarar rai. Bugu da ƙari, harshe ba shi da mai shi, babu ofishin da zai cire kalma daga bakin jama'a. Takardar haɗi kuwa tana da wanda ya rubuta ta, da kwanan wata, da wanda ya sa hannu. Da an rubuta dalili a gefen sinadarin, da sharaɗin cire shi in tsohuwar hoda ta ƙare, da Bruni bai sha mamaki ba. Labarin bai ɗora wa kowa wannan nauyi ba.

Rauni na biyu ya fi nauyi. Hodar da ake magana a kai ta ƙunshi darma da nau'in kuromiyam mai guba. Tun shekarun 1930 likitoci a Jamus suka ba da rahoton sankarar huhu a tsakanin ma'aikatan kuromet, wani bincike a Amurka a 1948 ya ƙarfafa hakan. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa wannan nau'i a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara ga ɗan Adam. A Tarayyar Turai an hana amfani da hodar kuromet ta darma ba tare da izini na musamman ba daga 2015, kuma a fenti da yawa hodar fosfet ta tutiya ta maye gurbinta. Babin ya kula da lafiyar fenti ƙwarai, amma bai tsaya a kan waɗanda ke niƙa hodar suna shaƙar ƙurarta ba. Cutar fentin an raɗa mata suna da huhu, huhun leburan kuwa ba ya cikin labarin. Daga marubucin da ya san aikin tilas a masana'antar sinadarai, wannan giɓi ne da ya kamata a lura da shi.

Na uku, matar da ta sauya rayuwarsa ba ta da suna a babin, ba ta da murya, aikinta kawai ta zama sanadin warakarsa. Haka kuma, masu tarihin rayuwarsa, Ian Thomson da Carole Angier, waɗanda littattafansu suka fito a 2002, sun nuna cewa Levi yakan sauya sunaye ya gyara abubuwan da suka faru domin labari ya zauna. Saboda haka babin aikin adabi ne da aka gina a kan gaskiya, bai kamata a ɗauke shi a matsayin rahoton masana'anta ba.

8.0 Kammalawa

Duk da waɗannan raunuka, "Kuromiyam" ya cancanci a karanta shi a ajin harshe. Ya nuna cewa ana iya rubuta labari mai taɓa zuciya da kalmomin sana'a ba tare da an sassauta ma'anarsu ba, abin da masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya a Hausa ke fafutukar tabbatarwa. Ya kuma nuna cewa kariyar ƙarfe ta rataya a kan amincin rubutu kamar yadda ta rataya a kan ingancin hoda, tunda harafi ɗaya ne ya ɓata tulin fenti. Darasin da labarin bai faɗa ba, amma ya fito daga cikinsa, ya shafi mai fassara da mai kwafa kai tsaye. In nassin waƙa ne ko karin magana, ana iya adana kalmar da asalinta ya ɓace, domin tsufanta ado ne. In kuwa umarnin haɗa fenti ne, ko na magani, ko na maganin ƙwari, wajibi ne a kwafi adadi daidai, a kuma kwafi dalilin da ya sa aka rubuta shi, domin wanda zai karanta bayan shekara 10 ya san lokacin da ya kamata a daina.